Nepenthes: wai sunanta ne shaidar tana maganin baƙin ciki?

Hajiya Balki: Assalamu alaikum ƴan zaure. Don Allah masu ilimin itatuwa ku taimaka mani. Wata maƙwabciyata a unguwar Zariya ta turo mani talla, hoton wata shuka mai ɗan tulu ja-ja a ƙarshen ganye, da murfi a samansa. An rubuta Nepenthes. Mai tallan ya ce a harshen Girka ma'anar sunan "babu baƙin ciki", don haka in aka jiƙa garinta aka sha tana yaye damuwa da rashin barci. Ƙaramar kwalba jikka 15. Ya ce kuma in an dasa ta a gida tana cinye sauro. Ƙanwata ce ke fama tun rasuwar maigidanta, shi ya sa na tsaya a kai. Gaskiya ne?

Habu Mai Shayi: Wa alaikumus salam Hajiya. In dai jikka 15 ne, ai bayan an biya baƙin cikin zai fara.

Mushe Lawali: Allah ya jiƙan mamaci, ya ba ta haƙuri. Hajiya, maganar mai tallan rabi gaskiya ce, kuma rabin nan ya fi ƙarya tsagwaronta haɗari. Fassarar daidai take. A tsohon harshen Girka "ne" na kore abu, "penthos" kuwa baƙin ciki ne ko makoki. Amma wa ya raɗa sunan, kuma don mi? Wani masanin tsirrai ne ɗan ƙasar Suwidin, Karl Linne, a shekarar 1737. Ya aro kalmar daga tsohuwar waƙar Girkawa ta Homer, Odisse, inda wata mata mai suna Helen ta zuba wani magani cikin abin shan baƙinta don su manta da ɓacin rai, maganin da aka ce wata Bamisiriya ta ba ta. Waƙar ba ta faɗi ko wane tsiro ne ba. Wasu masana na zaton ofiyom ne. Abin da babu shakka a kai shi ne ba wannan shukar ba ce, don ba ta fitowa a Masar ko a Girka.

Linne da kansa ya bayyana dalilinsa. Ya ce duk masanin tsirrai da ya sha doguwar tafiya ya yi kiciɓis da wannan abin mamaki, wahalar hanya za ta fita daga ransa. Ganinta yake nufi. Bai ce a daka ba, bai ce a jiƙa ba.

Hajiya Balki: Ikon Allah. Wato daɗin kallo kawai?

Mushe Lawali: Shi ke nan, Hajiya.

Malam Idi Tibiri: Mushe, a yi mani uzuri, ban gamsu duka ba. Ni a hannun mahaifina na koyi sassaƙe da saiwa, kuma abin da na sani magabata ba su raɗa wa itace suna a banza. Mi ya sa ake cewa rai-ɗore? Mi ya sa ake cewa nonon kurciya, in ba don farin ruwan da ke fita in ka tsinke ta ba? Nasara ma mutum ne mai hankali. In ya kira abu "babu baƙin ciki", akwai abin da ya gani. Wataƙila ya ɓoye ne, su da ba su faɗin sirrinsu.

Nana Aisha (ma'aikaciyar jinya): Baba, ko da a ce ya ɓoye, ta ina mai tallan ya tono? Kuma wa ya ce abin da ke cikin kwalbar shi ne na hoton? Gari dai gari ne. Ni abin da ya fi damuna ke nan. Muna ganin mutane da suka sha irin waɗannan kwalabe marasa takarda, su zo da amai ko barcin da ya wuce ƙa'ida, ka tambayi mi aka sha, babu mai iya faɗa. Hajiya, ki kai ƙanwarki wajen likita, kuma kada a bar ta ita kaɗai a ɗaki. Damuwar da ta hana barci makonni ciwo ce, ana duba ta.

Hajiya Balki: In sha Allah ɗiyata, na gode.

Mushe Lawali: Allah gafarta Malam, maganarku tana da gindi, ba zan ture ta ba. Akwai sunayen kimiyya da ke faɗin amfani. Duk inda kuka ga officinale ko officinalis, ana nufin abin da ake ajiyewa a shagon masu haɗa magani. Citta ita ce Zingiber officinale. Sativa ko sativum na nufin abin da ake nomawa: shinkafa Oryza sativa, tafarnuwa Allium sativum. Gyaɗarmu Arachis hypogaea, kalma ta biyun "ƙarƙashin ƙasa", kun ga wannan ya kwatanta ta sarai. Sai dai dokar raɗa sunan tsirrai ba ta tilasta wa kowa sunan ya dace da halin tsiron ba. Abin da take nema shi ne a wallafa sunan bisa ƙa'ida tare da bayanin kamanni, a ajiye samfurin da sunan ya rataya a kai, kuma wanda ya riga shi ke da suna. Ana ƙirga rigayen daga 1 ga Mayu 1753, da littafin Linne mai suna Species Plantarum. Daga nan, ko sunan abokinka ka sa, ko na mai mulkin da ya ɗauki nauyin tafiyarka, ya zauna. Yaro ne aka haifa ranar Arfa aka sa masa Alhaji. Sunan nasa ne har abada, amma ba a tambayarsa labarin Makka.

Habu Mai Shayi: Mushe ya taɓo ƙanen babana.

Yahuza (gandun daji, Madarunfa): Baba Idi, bari in kawo maku misali daga gonarku. Gawo, da ake cewa Acacia albida, yanzu Faidherbia albida ne. Faidherbe ɗin nan Luwi Faidherbe ne, sojan Faransa da ya yi gwamnan Senegal zamanin mulkin mallaka. Mi ya haɗa shi da gawo? Kuka Adansonia digitata, daga Mishel Adanson, Bafaranshen da ya yi bincike a Senegal. Ɗorawa Parkia biglobosa, daga Mungo Park mai yawon neman bakin kogin Kwara. Babu ɗaya cikin ukun nan da ke gaya maka a sha ko a shafa.

Malam Idi Tibiri: To wannan kuma rashin kunya ce. Gawon da kakannin kakanninmu suka sha inuwarsa da rani, a liƙa masa sunan soja?

Yahuza (gandun daji, Madarunfa): Haka dai takarda ta ce, Baba. Mu a daji gawo muke cewa. Sai za a rubuta rahoto muke tuno da gwamna.

Sanusi (ɗalibi): Gaisuwa ga iyaye da malamai. Ina sashen aikin gona a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, kuma tambayata ta rubutu ce, tunda an buɗe maganar. Mushe, ina ganin wasu na rubuta Nepenthe ba tare da "s" ba idan shuka guda suke nufi, su ce "s" ɗin alamar jam'i ce kamar a Faransanci. Wani kuma ya rubuta NEPENTHES RAJAH da manyan baƙaƙe duka. Wanne ne daidai?

Mushe Lawali: Ko ɗaya. "S" ɗin cikin jikin kalmar take, ko tsiro guda ne Nepenthes ne, ko ɗari ne Nepenthes ne. Sunan kimiyya kalma biyu ne. Ta farko sunan dangi, ana fara ta da babban baƙi. Ta biyu ta nau'i, ƙaramin baƙi daga farko har ƙarshe, ko da daga sunan mutum ko gari aka ciro ta. A kwamfuta a karkata rubutun, da hannu kuma a ja layi ƙarƙashin kowace kalma. In ka rubuta Nepenthes rajah sau ɗaya cikakke, a gaba N. rajah ya isa. Kalma ta biyu ba ta tsayawa ita kaɗai, kada ka ce "na ga rajah". In ka san dangin ba ka san nau'in ba, sai Nepenthes sp., in nau'o'i da yawa ne spp., su kuma waɗannan ba a karkata su. Harafin L. da kake gani a bayan wasu sunaye, misali Nepenthes distillatoria L., Linne ke nan, shi ma a miƙe ake rubuta shi.

Sanusi (ɗalibi): Na gode Mushe. Wato tallan da Hajiya ta gani ma bai faɗi nau'i ba.

Mushe Lawali: Ka gano inda gizo ke saƙa. Nau'o'in Nepenthes sun haura 150. Wanda ya ce maka "Nepenthes" kawai bai gaya maka wace ba.

Rabi'u (Faransa): Salam jama'a, sai yanzu na tashi daga aiki na tarar da zance ya yi nisa. Ni ina da ita a tukunya a nan, a shagon furanni na saya, a nan ba abin mamaki ba ce. Bari in gaya maku abin da ido ke gani. Tulun ba fure ba ne, ƙarshen ganye ne. Jijiyar tsakiyar ganyen ke zarcewa ta zama igiya, bakin igiyar ya kumbura a hankali, sai wata rana murfin ya buɗe. Bakin tulun yana da zobe mai ƙananan layuka, yana fitar da ruwa mai zaƙi. Tururuwa ta zo lasa, in zoben ya jiƙe sai santsi ya kwashe ta ta faɗa ciki. Bangon ciki yana da kakin da ba ya riƙe ƙafa, a ƙasa kuma akwai ruwan da ke narkar da ita. Murfin ba ya rufewa a kan ƙwaro, mutane da yawa suna zaton haka, aikinsa rage ruwan sama da jawo ƙwari. Na leƙa cikin wani tsohon tulu, baƙin ɓawon tururuwa ne cunkus a gindi, da ɗan wari.

Maganar sauro kuwa, Hajiya, ku manta. Sauro jinin mutum yake bi, ba ya barin ku ya tafi tulu. A can inda take fitowa akwai ma irin sauron da ke yin ƙwai cikin ruwan tulun, ƴaƴansa su girma a ciki lafiya lau.

Habu Mai Shayi: Wato jikka 15 ka saya wa sauro ɗakin haihuwa.

Nana Aisha (ma'aikaciyar jinya): Habu ka bari mana. A dai rataya gidan sauro, damina na tafe.

Malam Idi Tibiri: Ɗana Rabi'u, a ina take fitowa ita? Kuma mutanen wurin, su mi suke yi da ita? Su nake son in ji, su suka san ta kafin Nasara.

Rabi'u (Faransa): Baba, mafi yawa a kudu maso gabashin Asiya, tsibiran Borneyo da Sumatra da Filifin. Akwai nau'i biyu a Madagaska, ɗaya a Seshel, ɗaya a Siri Lanka, ɗaya a Indiya. A doron Afirka babu ko ɗaya. A Maleshiya suna wanke tulun wani nau'i, su cika shi da shinkafa da madarar kwakwa, su turara. Kowane yanki kuma da sunan da yake kiranta. Tun 1658 wani gwamnan Faransa a Madagaska, Etiyen Flakur, ya rubuta bayaninta da sunan da ya ji a bakin mutanen tsibirin, kusan shekara 80 kafin Linne.

Malam Idi Tibiri: To ka ji. Sunan masu ƙasa shi ne suna. Da shi aka riƙe, da mai talla bai samu abin fakewa ba.

Mushe Lawali: Anan ne zan ɗan saɓa maku, Malam. Sunan masu ƙasa yana da daraja, amma bai ƙetare iyaka. Ciyawar nan mai jan fure da ke kashe gero, wani ya ce ƙuduji, wani ya ce wuta-wuta, duk a cikin Hausa. Bazabarme da nasa, Bafillace da nasa. In mai bincike a tashar binciken noma ta Tarna, kusa da Maradi, zai yi magana da ɗan'uwansa na Kenya, dole su sami suna guda da ba ya canjawa da gari, shi ne Striga hermonthica. Amfanin sunan kimiyya ke nan, ya nuna tsiro ɗaya tak. Laifin mai talla shi ne ya ɗora masa kayan da ba nasa ba.

Sanusi (ɗalibi): Mushe, ƙudujin nan ita ma cikin masu cin nama take? Ai tana cin gero.

Yahuza (gandun daji, Madarunfa): A'a ƙanena, kada ka haɗa su. Ƙuduji da kauci masu tsotso ne, suna maƙale wa wani tsiron su sha ruwansa da abincinsa. Masu cin ƙwari kuwa suna da korensu, suna haɗa abincinsu da hasken rana kamar kowa. Abin da ya kai su farauta shi ne ƙasar da suke ciki ba ta da taki, fadama ce mai tsami ko dutse wanda ruwa ya wanke. Daga jikin ƙwaron suke samun sinadarin da mu muke sayen ure dominsa. Shi ya sa in ka zuba masu taki sai saiwar ta ƙone.

Rabi'u (Faransa): Ƙwarai. Kuma ruwan sama suke so, ruwan rijiya ko na famfo mai gishiri yana kashe su a hankali. Ni ban ga yadda Nepenthes za ta ƙetare hunturun Maradi a tsakar gida ba, iska mai laima take buƙata.

Hajiya Balki: Ni dai na fasa. Amma ku ci gaba, ina ƙaruwa.

Habu Mai Shayi: Ni wadda nake gani a bidiyo ita ce mai haƙora, ƙuda ya shiga ta rufe baki ƙap. Ita ce wannan?

Mushe Lawali: Waccan daban ce, Dionaea muscipula. Wani Baturen Ingila, Jon Elis, ya wallafa sunan a 1768. Dionaea na nufin ɗiyar Dione, wato Benus a tatsuniyoyin Girka da Rum, wadda aka sa wa tauraruwar da muke kira Zara sunanta. Muscipula kuwa a Latin, tsohon harshen Rumawa, tarkon ɓera ne, ko da yake ana iya karanta shi tarkon ƙuda, don kalmomin ɓera da ƙuda a harshen sun yi kusa. Ganyen tarkon bai wuce tsawon gaɓar yatsa ɗaya ko biyu ba, ɓera zai wuce ta bai ma kula ba. A duniya duka a wani ɗan yanki na jihohin Karolina ta Arewa da ta Kudu a Amurka kaɗai take fitowa da kanta. Akwai gashi ƙanana a cikin ganyen, sai an taɓa sau biyu cikin kamar daƙiƙa 20 take rufewa, don kada ɗigon ruwa ya sa ta wahalar banza. Masanin halittu ɗan Ingila, Darwin, ya yi littafi guda a kan irin waɗannan tsirrai a 1875.

Malam Idi Tibiri: Sunan gunki ke nan. Allah ya tsare.

Mushe Lawali: Amin. Lakabi ne a takarda, Malam, kamar sunayen watannin Nasara da muke rubutawa kullum, Janairu da Maris duk daga can suka fito.

Yahuza (gandun daji, Madarunfa): Kuna ta Borneyo da Amurka, alhali muna da namu a gida. Bayan damina, a tabkuna da kududdufan da ruwa ya kwanta, akwai wata ciyawa da ke yawo cikin ruwa, ba ta da saiwa ko kaɗan. Ganyenta siriri ne kamar gashi, sai ta turo kara guda sama da ruwa da ƙananan furanni rawaya, a gindin karan kuma akwai wasu kumburarrun abubuwa jere a zagaye da ke riƙe ta kada ta nutse. In ka ɗebo ta a tafin hannu ka duba da kyau za ka ga ƙananan ƙwayoyi birjik a jikin ganyen, wasu fari-fari, wasu baƙi. Baƙaƙen sun riga sun ci. Utricularia ke nan.

Sanusi (ɗalibi): Yaya Yahuza da gaske? Ni na ɗauka gansakuka ce.

Mushe Lawali: Yawwa, ga sunan da Malam Idi zai so. Utriculus a Latin ƴar ƙaramar salka ce, ta fata. Kuma aikin ƙwayar ke nan: tana fitar da ruwan cikinta ta lotse, ƙofarta a rufe. Ƙaramin ƙwaron ruwa ya taɓa gashin bakin ƙofa, ƙofar ta buɗe, ruwa ya ruga ciki da shi, ta rufe. Duka cikin kusan kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa, ido ba ya gani. Dangin na da nau'i sama da 200. Mai rawayan fure da zagayen abin iyo da Yahuza ya kwatanta ta yi kama da Utricularia stellaris, kalma ta biyun daga tauraro, saboda yadda zagayen yake. Akwai ƴar'uwarta U. inflexa mai kama da ita, furenta ya fi karkata ga fari.

Malam Idi Tibiri: Alhamdu lillahi. Ƴar salka. Wannan mai hankali ne ya raɗa. Kun ga maganata ta fito.

Mushe Lawali: Ta fito a nan, Malam, ban musa ba. Amma ku riƙe wannan kafin ku yi murna da yawa. Geronmu, wanda muka koya a lakwal da Pennisetum glaucum, tun 2010 masana da dama sun mayar da shi Cenchrus americanus.

Habu Mai Shayi: Americanus? Geron da nake sha fura da shi?

Mushe Lawali: Shi. A nan yankin Sahel aka fara nomansa shekaru dubbai da suka wuce, Amurka baƙo ne a can. Linne ne ya sa wa wani samfurin gero americanum a 1753, da aka sauya masa dangi sai dokar suna ta dawo da kalmar. Kuma ku tambayi Yahuza wa ke cikin dangin Cenchrus.

Yahuza (gandun daji, Madarunfa): Ƙarangiya. Cenchrus biflorus.

Malam Idi Tibiri: Gero da ƙarangiya gida ɗaya? Mushe, wannan ba zan karɓa ba ko da takarda. Wanda ya rubuta haka bai taɓa shiga gona ba takalmi ba.

Sanusi (ɗalibi): Baba ai binciken ƙwayoyin gado ne ya nuna kusancinsu. Kuma in kun duba zangarniyar gero kafin ta cika, akwai ɗan gashi a gindin kowace ƙwaya, shi ne a ƙarangiya ya haɗe ya taurare ya zama ƙaya. Mushe, to ni a rubutun kammala karatuna wanne zan sa?

Mushe Lawali: Ka tambayi malamin da ke duba aikinka, don har yanzu mujallun aikin gona da yawa Pennisetum glaucum suke rubutawa. Wanda kuka zaɓa, ka kawo ɗayan sau ɗaya a farko a matsayin sunan da ake kiransa da shi kuma, sannan ka tsaya a kan guda har ƙarshe.

Rabi'u (Faransa): Yahuza, in ruwa ya kwanta bana ka ɗauko mana hoton ta tabkin. Fure da zagayen nan za ka ɗauka kusa-kusa, ganye kaɗai ba ya raba stellaris da inflexa.

Yahuza (gandun daji, Madarunfa): Sai wajen Satumba ko Oktoba take fure. Sanusi, in kana so ka zo mu shiga tare, ka taho da kwalba mai faɗin baki da tsofaffin jaridu na busar da samfur.

Sanusi (ɗalibi): Zan zo in sha Allah, Yaya. Akwai matsattsaku a wurin?

Yahuza (gandun daji, Madarunfa): Akwai. Ka zo da dogon takalmin roba.